Yadda Ake Kula da Fuska da Yin Kwalliya Idan Ƙuraje Sun Feso

A gari irin Illela, inda zafin Afrilu kan haura digiri 40, hunturu kuma ya zo da ƙurarsa, ƙurajen fuska ba baƙi ba ne. Maiƙo da matacciyar fata ne ke toshe ƙofar gashi, ƙwayoyin cuta su hayayyafa a ciki, wurin ya kumbura. Ƙurjin kansa mako ɗaya ko biyu ya baje, amma baƙin tabon da yake bari a fata irin tamu kan ɗauki watanni bai gushe ba. Saboda haka aikin farko ba ƙara shafe-shafe ba ne, ragewa ne, domin duk abin da ya ƙara wa fatar kumburi tabo yake ƙara miki.

Ki fara da ajiye dilka da halawa a fuska, da goga lemun tsami, da ɗiga makilin, da matsa ƙurji da farce. Sai kuma man haɗi na bilicin, wanda ake ɗurawa a roba babu suna babu takarda, ana sayarwa a kasuwar Lahadi ko a shigo da shi ta Ƙonni da ke Nijar. Masu shafa shi za su ce cikin kwana uku fuska ta yi luwai, kuma ba ƙarya suka yi ba. Sau da yawa akwai sinadarin steroid a ciki, irin clobetasol ko betamethasone, mai danne kumburi nan take. Daga baya shi da kansa yake haifar da wasu ƙurajen, fata ta yi siriri, jijiyoyi su bayyana. Ba banza ba hukumar NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a 2023. Wadda ta daɗe tana shafawa ta nemi likita ya tsara mata yadda za ta janye, don yankewa rana ɗaya kan sa fuska ta ƙara rikicewa.

Wanki da sabulu marar kaifi sau biyu a rana ya isa, da tafin hannu, ba soso. Ruwan alwala kuwa ba ya cutarwa. Idan fuska ta bushe, ki shafa benzoyl peroxide na kemis, mai kashi 2.5 ko 5 cikin ɗari, kaɗan, a duk yankin da ƙurajen ke fitowa. Mai kashi 10 bai fi shi aiki ba, ƙuna kawai ya fi. Ki fara da kwana ɗaya bayan ɗaya, ki kuma sani yana kashe launin gyale da rigar filo. Ki bi da mai marar nauyi, ko da fuskarki mai maiƙo ce, musamman da hunturu. Basilin da man kitso kada su gangaro goshi; tun 1970 likitocin fata suka bayyana ƙurajen da man gashi ke jerawa a bakin goshi.

Wasu na cewa a bar kwalliya gaba ɗaya sai an warke. Shawarar ta yi tsauri, kuma wadda aka hana rufe tabo ita ce ke komawa ga man bilicin. Matsalar tana ga nauyin kwalliyar da dattin kayan yin ta. Ki nemi wadda aka rubuta non-comedogenic ko oil-free a jikinta. A kayan da suka biyo ta Nijar za ki ga non comédogène ko sans huile. Ki bar mai ya shiga fata na 'yan mintuna, ki ɗiga abin rufe tabo a kan ƙurjin kaɗai, kina dannawa a hankali ba murzawa ba, sannan ki bi da hoda sama-sama. Ƙurjin da ya fashe kada komai ya hau shi. Kwalliya mai sauƙi ta fi dacewa da mai salla ma, tunda fandeshan mai kauri da ke hana ruwa taɓa fata sai an kankare shi kafin alwala, kankarewar nan kuma sau da yawa a yini tana ƙara fusata ƙurajen. Ranar biki ki tafi wa mai kwalliya da sosonki da burushinki, kada a dangwala miki wanda ya zagaya fuskokin ƙawayen amarya.

Da dare a wanke komai kafin a kwanta. Burushi da soso a wanke su duk mako, hijabi da niƙabi da ke gogar haɓa cikin gumi a riƙa sauya su.

Benzoyl peroxide ɗin yana son mako shida zuwa takwas kafin a ga sauyi. Idan wata uku ya cika babu sauƙi, ko ƙurajen manya ne masu zurfi da zafi, ko sun zo tare da rikicewar al'ada da gashi a haɓa, a nufi likitan fata a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Mai ciki ko mai neman ciki kada ta taɓa magungunan ƙuraje irin su adapalene, tretinoin ko isotretinoin, ta kuma sanar da likita halin da take ciki kafin ya rubuta mata komai.