Ciwon Mafitsara Mai Komowa: Bayani Ga Hakimai Da Malamansu

Akwai wata cuta da ta ke wahal da mata ƙwarai, amma kunya ta kan hana su faɗa. Alamunta zafin fitsari, da yawan zagayawa, da ciwon mara. Jama'a kan haɗa ta da waɗansu cututtuka su ce duk sanyi ne. In ta kama mutum sau 2 cikin wata 6, ko sau 3 cikin shekara, likitoci kan ce ta zama mai komowa.

Galibi abin da ke kawo ta wata ƙwayar cuta ce, E. coli, wadda mazauninta hanji. A can ba ta cika ɓarna ba, sai ta sami hanyar fitsari. Hanyar mace kuwa gajeruwa ce, shi ya sa a ke horon mata su yi tsarki daga gaba zuwa baya.

Maganinta shi ne mai kashe ƙwayoyin cuta, kamar nitrofurantoin, wanda a kan sha kwana 5. To, a nan ɓarnar ta ke. Mace ta aiki yaro kasuwa ya sayo kafso biyu, ta sha, zafi ya lafa, ta bari. Ƙwayoyin da su ka tsira sai su yi taurin kai, gaba maganin ba ya cin su. Tun 1945 Fleming, wanda ya gano fenisilin, ya yi wannan gargaɗi. Saboda haka wadda ciwon ke komo mata lalle ne a auna fitsarinta a asibiti, a san maganin da ya dace.

Abubuwan ƙari da a ke talla ba sa warkar da ciwon da ya riga ya kama. 'Ya'yan itacen cranberry na Amurka su na rage komowarsa, amma da tsada. Garin D-mannose kuwa an jarraba shi a Ingila, a 2024 a ka bayyana ba a ga amfaninsa ba. Ruwa ya fi araha. A binciken 2018, matan da ba su cika shan ruwa ba, da su ka ƙara lita ɗaya da rabi kullum, ciwon ya ragu musu kusan rabi.

Ana roƙon hakimai su sanad da dagatai da masu unguwa da ungozomai cewa mai juna biyu, da wanda ciwon ya zo masa da zazzaɓi da ciwon kwiɓi, kada a kwana da su a gida, gama ya na iya kaiwa ƙoda. Yaro mai fitsarin jini kuwa, musamman mai wanka a kududdufi, a fara tuhumar tsargiya, maganinta daban ne.