Filin Gwaggo: An ba ni aikin tambarin da na kasa gaya wa Umma

Ni budurwa ce, shekarata 24, ina zaune a Zariya gaban iyayena. Tun da na gama makaranta nake sana'ar zane a kwamfuta: tambarin shaguna, katin gayyatar biki, takardar da ake liƙa wa kwalaben humra da turaren wuta. Bara na yi rajista a wani dandalin intanet inda mutanen ƙasashen waje ke ba da aiki su biya da dala. Makon jiya wani mutum daga Amurka ya tuntuɓe ni, ya ce yana son tambari da tuta na wata ƙungiya tasu. Da ya ambaci cakulkuli na ɗauka 'yan wasan barkwanci ne. Da na matsa da tambaya sai ya fito mini fili: su manya ne, maza da mata, waɗanda cakulkuli ke motsa musu sha'awa, kuma suna son alamar da za su riƙa gane juna da ita a zobe ko a riga ba tare da na waje ya gane ba. Bai yi mini maganar banza ko ɗaya ba. Gashin tsuntsu yake so, da launi biyu ko uku. Kuɗin da ya sa sun fi abin da nake samu a wata biyu, ga kuma kuɗin makarantar ƙanena na jira. Gwaggo, zane ne fa kawai, babu hoton tsiraici. Amma barci ya ƙaurace mini, kuma na kasa gaya wa Umma. In karɓa ko in bari?

'Yarki daga Zariya

'Yata, Allah ya yi miki albarka da kika tsaya kika yi tambaya tun kafin ki ɗora hannu a kan aikin. Da yawa sai kuɗi sun shiga asusu suke tuna akwai abin tambaya.

Amsata ita ce ki bari. Sai dai ba na son ki bari a makance, don gobe wani aikin zai zo da wata siga, kuma ba kullum za ki same ni kusa ba.

Mu fara da maganarki cewa zane ne kawai. Ke da kike cikin sana'ar kin fi ni sanin cewa tambari baki gare shi. Idan kika ga Dagin Arewa a jikin gini ko a wuyan babbar riga, ba sai an ce miki komai ba, kin san gidan su wa kika zo. Michael Taiwo Akinkunmi ɗalibi ne a Landan lokacin da ya zana tutar Najeriya. Alƙalan gasar suka cire jar ranar da ya sa a tsakiya, suka bar kore da fari, aka ɗaga ta ranar 1 ga Oktoba 1960. Mutumin ya rasu a 2023, amma har gobe zanensa yana magana a wuraren da ƙafarsa ba ta taɓa takawa ba. Haka naki zai zama. Ranar da kika miƙa shi ya bar hannunki ke nan, ba ki da ikon cewa ga inda za a buga shi, ga inda ba za a buga ba, ko ga hoton da za a jera shi kusa da shi.

Abin da mutumin nan ya nema kuwa tsohuwar al'ada ce a can ƙasarsu. A 1978 Gilbert Baker ya ɗinka tutar bakan gizo a San Faransisko, kuma kin ga yadda launukan suka ɗauki ma'anar da ta bi su duniya. A 1989 Tony DeBlase ya fito da wata tuta a Shikago ta masu wata irin sha'awa daban. A 1995 wani mai zane da ke amfani da laƙabin Quagmyr ya tsara wata alama mai lanƙwasa uku a cikin da'ira, da gangan ya yi ta yadda baƙo zai ɗauka ado ne, ɗan gida kuma ya gane ɗan'uwansa. Wannan sawun abokin cinikinki yake bi. Shi ya sa ya ce miki gashin tsuntsu, ya ce launi kaɗan. Rashin tsiraicin da kike kafa hujja da shi, shi ne ainihin aikin da ake so alamar ta yi. Idan kika zana ta, kin zama wadda ta sassaƙa musu mabuɗin ƙofa, ko da ba ki taɓa leƙa ɗakin ba.

Bari in ɗan tsaya a kan cakulkulin kansa, don na san wasu masu karatu sun riga sun fara dariya. Tun 1897 masana halayyar ɗan Adam biyu a Amurka, Stanley Hall da Arthur Allin, suka raba shi gida biyu. Akwai mai sauƙi, irin wanda ake ji idan ƙwaro ko gashin tsuntsu ya bi fata, wanda ke sa mutum ya sosa wurin. Akwai kuma mai nauyi, na haƙarƙari da hammata da tafin ƙafa, mai ɓarkar da dariya. A 1998 Sarah-Jayne Blakemore da abokan aikinta a Landan suka nuna dalilin da ya sa mutum ba ya iya yi wa kansa: wani sashe na bayan ƙwaƙwalwa yana hango taɓawar da hannunka zai yi, sai ya rage ƙarfinta tun kafin ta iso. To ashe cakulkuli mai nauyi sai da hannun wani, kuma wanda ake yi wa ba shi da iko a kan dariyar da ke fita daga bakinsa. Yana iya ƙyaƙyatawa alhali numfashinsa na sarƙewa, ransa na ƙuna. A nan ina kira ga ma'aurata masu bin wannan fili: wasa tsakanin miji da mata abu ne mai kyau, yana ƙara danƙon zumunci, amma idan ɗaya ya ce a daina, a daina nan take, ko da dariya yake yi lokacin da ya faɗa.

Ba zan ce miki mutumin nan mugu ba ne. Ke da kanki kin ce ya yi miki magana cikin mutunci, bai ɓoye miki gaskiya ba, kuma wannan abin a yaba ne. Amma akwai labarin da ya kamata ki sani. A 2016 wani ɗan jarida daga Niyuzilan, David Farrier, da abokinsa Dylan Reeve suka fitar da fim na binciken gaskiya mai suna Tickled. Sun bi diddigin wasu da ke biyan samari kuɗi masu kauri don a ɗauke su bidiyo ana yi musu cakulkuli, da sunan wai gasar wasa ce. Waɗanda suka nemi janyewa daga baya sai aka watsa bidiyonsu da cikakken sunansu, aka bi su da cin zarafi har wuraren aikinsu. Abin ya faro ne da kuɗi mai daɗi da aikin da ake ganin ba komai ba ne. Ke mace ce, budurwa, a garin da suna ke da tsada. Namiji a can ya sha wuya kafin ya wanke kansa, balle ke a nan, inda hoton allo guda ɗaya da ya shiga WhatsApp ya isa ya rusa maganar aure.

Sannan ga abin da ya fi duk waɗannan nauyi a wurina. Kin ce kin kasa barci, kin ce kin kasa gaya wa Umma. Katin biki nawa kika zana kika nuna mata tana sa miki albarka? Wannan ne kaɗai kika ɓoye. Zuciyarki ta riga ta yanke hukunci, wasiƙar nan neman mai tayawa ce kawai. In kina son bayani ta fuskar addini, ki samu malama ko malamin da kika yarda da iliminsa ki zayyana masa komai yadda kika zayyana mini, kada ki rage.

Yadda za ki rabu da shi ba wuya. Ki rubuta masa layi biyu: kin gode da ya zaɓe ki, amma wannan aikin ba ya cikin irin waɗanda kike karɓa. Ba zagi, ba wa'azi, ba dogon bayani. Kada ki yarda ya janye ki daga dandalin zuwa lambar wayarki, kada ki tura masa hotonki ko muryarki. Idan ya dawo da ƙarin kuɗi, ko ya fara tambayar ko ke ma kina jin cakulkuli, ki toshe shi ki kai ƙararsa ga masu dandalin. Ki kuma rubuta a shafinki, a fili, ire-iren ayyukan da ba kya yi, don masu irin wannan buƙata su wuce tun daga ƙofa.

Maganar kuɗin makarantar ƙanenki ba ƙarama ba ce, kuma ba zan yi kamar ban ji ta ba. Amma ki lura da abu guda: mutumin da ke Amurka ya duba masu zane bila adadin, ya tsaya a kanki, ya sa wannan farashi. Hannunki ya kai ke nan. Wataƙila kin daɗe kina karyar da aikinki. Ki tattara mafi kyawun tambarin da kika taɓa yi, musamman masu ɗauke da zanenmu na gida irin na bangon gidajen Zariya da aikin zare na riguna, ki sa su a gaba, ki ɗaga farashinki. Ki je makarantar ƙanen naki tare da Abba ku nemi a raba biyan kashi-kashi kafin wani aikin ya faɗo.

Yau da daddare ki zauna da Umma ki gaya mata abin da ya faru da abin da kika yanke. Bayan wata guda ki sake rubuto mini, ina son in ji yadda kasuwa ta kasance.

Gwaggonku