Darasi: Sanin Ƙwaƙwalwa da Lafiyar Hankali ta Hanyar Bidiyon Intanet

'Yan'uwa, a da duk wanda yake so ya ga yadda ƙwaƙwalwar mutum take, sai ya shiga makarantar koyon likitanci. Yau kuwa mai wayar hannu yana iya zama a inuwar ƙofar gidansa ya kalli malamin jami'a yana bayani, yana zane, yana nuna abin da ke cikin ƙoƙon kai. Tun da aka buɗe YouTube a 2005, darussa irin waɗannan suke ta ƙaruwa. Khan Academy, wadda Salman Khan ya kafa a Amurka a 2008, tana da darussa kyauta a kan jijiyoyi da cututtukan hankali. Shirin Crash Course ya fitar da jerin darussan sanin halayyar ɗan Adam a 2014. Jami'ar Stanford kuma ta ɗora laccocin da Farfesa Robert Sapolsky ya yi wa ɗalibansa a 2010, kowa yana iya saurara.

Manufar wannan darasi ita ce mu san abin da bidiyo zai iya yi mana da kuma inda iyakarsa take. Yana iya kawar da jahilci da tsoro da kunya. Amma duba marar lafiya da ba shi magani aikin likita ne.

1. Abin da ke cikin ƙoƙon kai

Ƙwaƙwalwar babban mutum tana da nauyin giram 1,300 zuwa 1,400, wato kamar kashi 2 cikin 100 na nauyin jikinsa. Duk da haka ita kaɗai take cinye kusan kashi 20 cikin 100 na ƙarfin da jiki yake amfani da shi lokacin da mutum yake hutawa. A cikinta akwai ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86. Kowace ƙwaya tana aika saƙo a cikin jikinta da wata 'yar wutar lantarki. In saƙon ya kai ƙarshenta, sai ya tarar da ɗan rata tsakaninta da maƙwabciyarta, sai ta saki wani sinadari ya haye ratar ya isar da saƙon. Santiago Ramón y Cajal, mutumin Sifen, shi ne ya nuna cewa ƙwayoyin nan a rarrabe suke, kuma ya sami lambar yabo ta Nobel a 1906 tare da Camillo Golgi na Italiya.

A nan ne bidiyo ya fi takarda. Wannan bayani yana da wuyar kamawa a rubuce, amma in an ga zanen yana motsi, saƙo yana tsallakawa daga ƙwaya zuwa ƙwaya, ko yaro ɗan firamare zai gane. Gani ya kori ji.

Darasi na biyu da masu koyarwa suke yawan kawowa shi ne cewa sassan ƙwaƙwalwa suna da ayyuka dabam-dabam. A 1861, a birnin Faris, likita Paul Broca ya duba wani mutum wanda yake fahimtar abin da ake gaya masa, amma bakinsa ba ya iya furta kome sai «tan». Da mutumin ya rasu, aka duba ƙwaƙwalwarsa, aka sami lahani a gaba ta ɓangaren hagu. Wannan ne ya sa mai shanyewar ɓarin jiki na dama sau da yawa maganarsa take sarƙewa. Jini ne ya yanke wa wani sashe na ƙwaƙwalwa, kuma abin da ya kamata shi ne a garzaya da shi asibiti nan take.

2. Farfaɗiya

Ba ciwon da rashin sani ya jawo wa masu shi wulaƙanci kamar farfaɗiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutane kimanin miliyan 50 ne suke da ita a duniya, kuma kusan kashi 80 cikin 100 nasu suna ƙasashen da ba su da wadata sosai. Hukumar ta kuma ce har kashi 70 cikin 100 suna iya rayuwa ba tare da faɗuwa ba in an gano ciwon, an ba su maganin da ya dace.

Abin da yake faruwa shi ne, ƙwayoyin jijiya masu yawa suna sakin wutarsu gaba ɗaya ba tsari, sai jiki ya sandare ko ya yi ta fizge-fizge. Daga cikin dalilan akwai wahalar da jariri ya sha wajen haihuwa, da buguwa a kai, da sanƙarau, da zazzaɓin cizon sauro wanda ya taɓa ƙwaƙwalwa. Ba a ɗaukar farfaɗiya ta miyau, ko ta kumfar baki, ko ta taɓa jikin mai ita. Wannan camfi ya sa an bar mutane sun ƙone a murhu ana tsaye ana kallo, an kuma cire yara daga makaranta ba laifin kome.

Darussan taimakon gaggawa suna nuna abin yi dalla-dalla. A kawar da wuta da duk abin da zai ji masa ciwo. A sa wani abu mai taushi a ƙarƙashin kansa. Kada a danne shi, kada a tura masa cokali ko yatsa a baki, kada a ɗura masa ruwa ko wani jiƙo. In fizge-fizgen ya lafa, a juya shi ya kwanta a gefe ɗaya, a zauna tare da shi har ya dawo hayyacinsa. In abin ya wuce minti 5, ko ya sake tasowa kafin ya farfaɗo, sai asibiti.

3. Ciwon damuwa

Bisa lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya, a 2019 mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya yana fama da wata matsala ta lafiyar hankali. Yawancinsu ba su ne waɗanda muke gani suna yawo a bola ba. Suna zuwa gona, suna zuwa kasuwa, suna zaune kusa da mu a benci ranar Lahadi.

Baƙin ciki na yau da kullum yakan zo ya wuce. Ciwon damuwa kuwa shi ne in mutum ya kai mako biyu ko fiye zuciyarsa a dagule kusan kowace rana, abin da yake ba shi sha'awa a da ya daina, barcinsa da cin abincinsa sun rikice, ƙarfinsa ya ƙare, yana ganin kansa ba shi da amfani. Yana kama maza da mata, yana kuma kama wasu mata bayan haihuwa. A 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da wani gajeren bidiyo na zane wanda ya kamanta wannan ciwo da baƙin kare mai bin mutum duk inda ya je. Miliyoyin mutane sun kalle shi, da yawa kuma a nan suka fara gane cewa abin da yake damunsu yana da suna, yana da magani.

Wanda ya fahimci wannan ba zai ƙara ce wa ɗan'uwansa rago ba, ko ya zarge shi da ƙarancin bangaskiya. Zai yi masa addu'a, ya ziyarce shi, ya kuma raka shi wurin likita. In kuwa mutum ya fara zancen gajiya da rai, kada a ɗauka wasa ne. A tambaye shi kai tsaye cikin natsuwa, kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da maganin ƙwari da na ɓera daga inda hannunsa zai kai, a nemi taimako a ranar.

4. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne

Intanet kasuwa ce, kowa yana baje hajarsa. Masu shirya bidiyo da yawa suna samun kuɗi ne gwargwadon yawan masu kallo, saboda haka abin da ya fi ban mamaki shi ya fi yaɗuwa. Ga misalai uku.

Ana yawan cewa mutum yana amfani da kashi 10 cikin 100 ne kawai na ƙwaƙwalwarsa. Ba haka ba ne. Na'urorin ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa sun nuna cewa kowane sashe yana da aikinsa.

An kuma daɗe ana cewa ƙarancin sinadarin serotonin ne kaɗai yake kawo ciwon damuwa. A 2022 Farfesa Joanna Moncrieff ta birnin Landan da abokan aikinta suka tattara binciken da aka yi, suka ce ba su sami tabbatacciyar hujjar haka ba. Masana suna ci gaba da muhawara. Abin da aka yarda da shi shi ne gado, da wahalhalun rayuwa, da lafiyar jiki duk suna da hannu. Wannan bai ba kowa izinin ajiye maganin da likita ya rubuta masa ba, domin dainawa farat ɗaya tana da haɗari.

Na uku, a 2020 da 2021 likitoci a Ingila da Jamus da Kanada da Amurka sun ga matasa da yawa, galibi 'yan mata, sun fara fizgar jiki da furta kalmomi ba da sonsu ba, da yawansu bayan sun daɗe suna kallon masu irin wannan hali a TikTok. Ashe abin da ido yake yawan kallo yana iya taɓa jiki. Iyaye su lura.

5. Yadda za mu kalla mu amfana

Na farko, a tambaya: wane ne yake magana, a ina ya yi karatu, a ina yake aiki? Darasin jami'a, ko asibitin koyarwa, ko hukumar lafiya ya fi na mutumin da ba a san asalinsa ba.

Na biyu, in bidiyo ya ƙare da tallar wani magani mai warkar da kome, a rufe shi.

Na uku, kada a yanke wa kai ko wani hukuncin ciwo daga jerin alamomi. Rashin barci da mantuwa da faɗuwar gaba suna iya fitowa daga ƙarancin jini, ko ciwon maƙoƙo, ko shan ƙwaya. Likita ne zai bambance.

Na huɗu, kallo kaɗai ba koyo ba ne. Tun a 1885 Hermann Ebbinghaus, Bajamushe, ya nuna cewa mutum yana saurin manta sabon abu in bai maimaita ba. A kalli ɗan gajere, a tsayar, a faɗi abin da aka ji da baki, a sake tunowa bayan kwana biyu.

Na biyar, tun da yawancin darussan da Turanci suke, ya fi kyau a kalla a ƙungiya. Matasa ko zumuntar mata suna iya zama da waya ɗaya, malamin makaranta ya yi tafinta, ma'aikaciyar jinya ta amsa tambayoyi.

6. Ina za a je?

Ana iya farawa daga asibitin da ya fi kusa. Akwai kuma asibitocin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware a Jihar Sakkwato, da Maiduguri. A Janairun 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar hankali ta Nijeriya, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma kare mutuncin marasa lafiya. Mu tuna da Farfesa Thomas Adeoye Lambo, wanda a 1954 ya fara wani tsari a Aro, kusa da Abekuta, inda marasa lafiya suke sauka a gidajen mutanen ƙauye tare da danginsu, suna zuwa asibiti da rana. Ya gane cewa magani ya fi aiki in mutum yana cikin jama'a masu ƙaunarsa. Wannan rabo namu ne.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Waɗanne abubuwa ne ake faɗa a unguwarmu game da farfaɗiya waɗanda wannan darasi ya nuna ba gaskiya ba ne?
2. Mene ne bambancin baƙin ciki na yau da kullum da ciwon damuwa?
3. Ta yaya za mu gane bidiyon da za a amince da shi?
4. Akwai gidan da yake ɓoye marar lafiya saboda kunya? Wane ne a cikinmu zai ziyarce su a wannan mako?