Ɗana, Idan Sabuwar Kwamfutarka Tana Ɗaukewa

'Ya'yana matasan Gaya da Ajingi, Allah ya yi muku albarka. Raina yana fari idan na ga ɗayanku ya tara 'yan kuɗinsa, ya bi ta Wudil ya shiga Kano, ya tsinto kayan kwamfuta ɗaya bayan ɗaya a titin Beirut, ya dawo ya harhaɗa da hannunsa, don buga takardu ko gyaran bidiyon biki ko koya wa ɗalibai amsa jarrabawar JAMB. Aikin hannu gadonmu ne. Tarihin baka ma ya ce maƙeran Gaya ne suka je dutsen Dala neman tama tun kafin Kano ta zama birni.

Sai dai kukan da nake yawan ji daga gare ku iri ɗaya ne: ana cikin aiki sai na'urar ta ɗauke ɗif, babu sallama. Nan take zuciya ta hau, a ce an cuce ni, a kama sauya wannan da wancan. Ɗana, dakata. Kwamfuta ba ta mutuwa haka siddan, kuma sau da yawa kanta take karewa. Abin da nake roƙonka shi ne ka taɓa abu ɗaya, ka gwada, ka rubuta abin da ka gani, sannan ka matsa gaba. Wanda ya sauya abu uku a tare, ko ta warke bai san abin da ya warkar da ita ba.

Ka fara da bango kafin ka ɗauki sukundireba. An gina waɗannan na'urori a kan wuta mai tsayawa daram, tamu kuwa kun san halinta. Akwatin wutar da ke cikin kwamfuta, wanda masu gyara ke kira fawa-fak, ba ya iya riƙe ta idan wuta ta yanke sai na abin da bai kai ƙiftawar ido ba. Shi ya sa ƙwan ɗakinka zai ɗan lumshe ya dawo, ita kuwa ta riga ta mutu. Ka lura, shin tana ɗaukewa ne lokacin da firji ya tashi, ko mai walda na maƙwabta ya kunna injinsa, ko janareta ya sauya murya? Masu sola kuma su duba inbatarsu, domin ƙananan nan masu araha ba sa ba da wuta mai santsi, kuma fawa-fak na zamani da yawa ba sa jituwa da su. Ka ɗauki kwamfutar ka kai inda wuta take tsaye, ka yini kana aiki da ita. In ba ta ɗauke ba, ciwon ba a jikinta yake ba; UPS mai kyau kake bukata, da soket wanda ba ya rawa.

Sai zafi. A watan Afrilu da Mayu garin nan yakan haura digiri 40, balle shago mai rufin kwano. Firoseso kuwa idan ya doshi digiri 100 yakan rage gudu, in abin ya ƙi sai ya kashe kansa don kada ya ƙone. Ka sa manhajar HWMonitor ka riƙa kallon lambar yayin da kake aiki mai nauyi. In tana tashi da sauri, ka cire fankar firoseso ka duba ƙasanta. Akwai 'yar leda da kamfani ke mannawa a wurin, kuma ɗokin haɗa sabon abu yana sa a manta da ita. Ka tabbata ka shafa man nan mai ɗauke zafi, kusoshi huɗun sun zauna daidai, wayar fankar kuma tana mazauninta. Da hunturu kuma ƙura ce ke toshe hanyar iska, sai ka riƙa hure ta da bulowa.

In wuta lafiya, zafi lafiya, sai ka zare filogi ka bi wayoyin ciki. Babbar mai baki 24 da ta firoseso mai baki 8, ka danna su har ka ji sun kama. Ram ma ka cire ka mayar, ka gwada da ɗaya kaɗai, ka bar MemTest86 ya kwana yana bincikensa. Windows zai nuna maka saƙon Kernel-Power 41, amma kada ya ruɗe ka, shaida ce kawai cewa kwamfutar ta mutu ba tare da an kashe ta yadda ya kamata ba, ba ya faɗin dalili.

Inda kuka fi ba ni tausayi shi ne fawa-fak. Yaro zai zuba kuɗi a katin hoto mai tsada, sannan ya ɗauko akwatin wuta mara suna da ragowar canjinsa. Kwamfutar tana zaune lafiya, da an ɗora mata aiki ta faɗi. Ka ari mai kyau wurin abokin sana'a ka gwada. Kuma don Allah kada ka buɗe cikinsa, yana riƙe wuta ko an zare shi daga bango.

In duk ka bi waɗannan ta ci gaba, to ka koma wurin wanda ya sayar maka da rasit ɗinka da takardar da ka rubuta gwaje-gwajenka. Ka yi masa sallama, ka nuna masa abin da ka gwada da abin da ya rage, ka nemi ya jarraba madabod ɗin a gabanka.