Darasi na Tara: Gane Asalin Tsohon Ƙaramin Jirgin Iska Mai Rimot da Sabunta Shi

1.0 Gabatarwa

A wannan darasi za mu nazarci wani abu da ba kowane ɗalibi ya taɓa gani ba, wato ƙaramin jirgin ruwa da iska ke turawa, mai shi kuma yana tsaye a bakin tafki yana sarrafa shi da rimot. Sarrafa jirgi daga nesa ya daɗe, domin tun a 1898 Nikola Tesla ya nuna wa jama'a irinsa a birnin New York. A Ingila da Amurka tseren ƙananan jiragen iska ya zama wasa mai ƙungiyoyi da dokoki: an kafa ƙungiyar Ingila a 1911, ta Amurka kuma a 1970. Saboda haka ake yawan tsintar tsofaffin jirage a ɗakunan ajiya, babu takarda, babu sunan maƙerinsu. Wanda ya gaji irin wannan jirgi yakan so ya mayar da shi kan ruwa, kuma a nan ne kuskure ke aukuwa.

2.0 Manufar Darasi

A ƙarshen darasin ana sa ran ɗalibi zai iya:
(a) ambaton sassan jirgin da aikin kowanne;
(b) bayyana hanyoyin gane asalinsa;
(c) jera matakan sabunta shi bi da bi, tare da dalilin kowane mataki.

3.1 Sassan Jirgin

Jirgin ba shi da injin da ke tura shi. Yana da gangar jiki, da jigo wanda ke tsaye a kanta, da filafilai, wato ƙyallayen da iska ke bugawa. A ƙarƙashinsa akwai wani dogon harshe mai dunƙulen dalma a ƙarshe, wanda nauyinsa ke hana jirgin kifewa, sannan a baya akwai majuyi mai karkata shi dama ko hagu. A cikinsa kuwa akwai batir, da na'urar karɓar saƙo daga rimot, da ƙananan injuna biyu: ɗaya na juya majuyi, ɗaya na jan zaren filafilai ko sassauta shi.

3.2 Gane Asali

Ƙa'ida ta farko ita ce kada a cire komai, kada a kankare fenti, sai an san wane jirgi ne. Dalili kuwa shi ne jiragen tsere rukuni-rukuni ne, kowane da ma'auninsa. Wanda ya yanke jigo ko ya faɗaɗa filafili bisa rashin sani ya fitar da jirginsa daga rukuninsa, ya kuma rage masa daraja. Garin neman gira sai a rasa ido.

Shaida ta farko ita ce awo. Idan tsawon gangar ya kai kimanin inci 50, wato santimita 127, akwai yiwuwar ɗan rukunin Marblehead ne, wanda ya samo asali daga garin da ke da wannan suna a jihar Massachusetts ta Amurka a farkon shekarun 1930, kuma aka ƙayyade masa filafilai masu faɗin murabba'in inci 800. Idan tsawon mita ɗaya ne, yana iya zama ɗan rukunin IOM da aka kafa a 1988, wanda nauyinsa ba ya gaza kilo 4, ko kuma Soling One Meter. Jirgin EC12 kuwa yakan kai kusan mita ɗaya da rabi.

Shaida ta biyu ita ce alamar da ke saman babban filafili. Harafin M, alal misali, na Marblehead ne, lambar da ke ƙarƙashinsa kuma takan taimaka a gano jirgin a rajistar ƙungiya. Sai dai ana iya ɗora wa jirgi filafilin wani, don haka alama ita kaɗai ba ta isa hujja ba sai ta dace da awo.

Shaida ta uku ita ce kayan ƙira. Gangar da aka haɗa da siraran katako da filafilin auduga sukan nuna tsufa sosai. Faiba ta zo daga baya, roba kuma ta fi yawa a jiragen da kamfanoni irin su Kyosho da Tamiya suka riƙa sayarwa a kwali. Haka nan, kafin rimot ya yaɗu a shekarun 1970, ana sakin jirage ne su tafi da kansu, wata fiffika da ke bin iska a bayansu tana juya majuyi. Ramukan kusoshi a bayan jirgi na iya nuna cewa haka yake tun farko, daga baya aka sa masa rimot.

3.3 Matakan Sabuntawa

Da farko a ɗauki hoton kowane sashe, a auna nauyin jirgin, a kuma yi alama a inda ruwa ke tsaya masa. Daga nan a sa shi cikin baho a duba ko yana yoyo, musamman a mahaɗar harshe da ganga da kuma ramin majuyi, a toshe tsaga da gam mai ƙarfi. Gyaran ganga ke gaban komai, domin sabuwar na'ura a jirgi mai yoyo asara ce.

Mataki na gaba shi ne rimot. Tsofaffin na'urori suna aiki ne a zangon 27 MHz, ko 40 MHz a Ingila, ko 75 MHz a Amurka, kuma idan mutum biyu suka haɗu a tasha ɗaya saƙonninsu kan cakuɗe. Tun tsakiyar shekarun 2000 na'urorin 2.4 GHz suka kawar da wannan matsala. Amma ruwa na shanye saƙon wannan zango, saboda haka wajibi ne eriya ta kasance sama da layin ruwa.

Sai batir. Tsohon batir na nikel da kadmiyam yakan sa wayarsa ta yi baƙi ta ruɓe daga ciki, don haka a sauya shi tare da wayoyin da makunni. A kula da ƙarfin wuta: tsofaffin injuna an yi su ne don bolt 4.8 zuwa 6, batirin litiyam mai bolt 7.4 na iya ƙona su. A kuma duba jerin wayoyin filogi, domin na wasu tsofaffin kamfanoni ya saɓa wa na yau. Idan sabon batir ya fi tsohon sauƙi, a daidaita nauyi har jirgin ya koma kan alamar da aka yi masa.

A ƙarshe a sauya zaruruwan da suka mutu, a ɗinka sabbin filafilai bisa ma'aunin rukunin, a adana tsofaffin a matsayin shaida. Dalma guba ce, don haka kada a goge ta a bushe, kuma a wanke hannu bayan taɓa ta. Gwajin farko a yi shi cikin iska mai sauƙi, kusa da gaɓa.

4.0 Kammalawa

Mun ga cewa abin da ke ɓoye a cikin jirgi, wato rimot da batir da wayoyi, ana sauya shi ba tare da fargaba ba, amma siffar ganga da tsawon jigo da faɗin filafili su ne asalinsa, ba a taɓa su sai da sani.

5.0 Auna Fahimta

1. Kawo shaidu uku da ake gane asalin jirgi da su, ka bayyana raunin kowacce.
2. Me ya sa ake gyara ganga kafin a sayi sabon rimot?
3. An yi amfani da kalmomin "majuyi" da "harshe" da "jigo" a darasin nan. Wacce aka ƙirƙira, waɗanne aka faɗaɗa ma'anarsu?
4. Zaɓi wata tsohuwar na'ura da ka sani, kamar keken ɗinki ko rediyo, ka rubuta shafi ɗaya kan yadda za a gane asalinta kafin a gyara ta.