Yaron da Ke So Ya Tuƙa Jirgin Sama

Abin karantawa: Luka 14:28-33, Luka 3:14, Fitowa 31:1-5.

'Yan'uwa, a cikin ekklesiyoyinmu na ƙasar Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa muna samun samari, har da 'yan mata, masu cewa suna so su shiga sojan sama, ko kuwa su koyi ƙirar jirgi. Waɗansu iyaye su kan yi dariya, su ce ina ɗan manomi ina jirgi. Waɗansu kuwa su kan yi murna tun ba su san abin da ke ciki ba. Duka biyu ba su taimaki yaron ba. Ubangijinmu Yesu ya ba da misalin mutum mai niyyar gina hasumiya, da na sarki mai shirin fita yaƙi: kowannensu ya kan zauna tukuna ya yi lissafi. A kan bin sa ne ya yi maganar, amma ta dace da wannan al'amari, gama gini da yaƙi duka suna cikinsa.

Hanya tana nan

Jiragen sama na fari da suka sauka a Nijeriya, a Kano suka sauka, a watan Nuwamba 1925: jirage uku na sojan Ingila, daga Masar. A 1964 aka kafa rundunar sojan sama ta Nijeriya. A shekaran nan kuma aka kafa makarantar horon hafsoshi ta Kaduna, wadda a ke kira NDA, da makarantar koyon tuƙin jirgi ta Zariya. Akwai kuma makarantar fasaha ta sojan sama a Kaduna, wato AFIT, inda a ke koyon injiniyancin jirage. A 2018 aka nuna wani jirgi marar matuƙi da injiniyoyin sojan sama suka ƙera da taimakon wani kamfanin Fotugal, aka sa masa sunan Hausa, Tsaigumi. Ashe makarantun nan ba su da nisa da mu. Aikin kuma ba abin raini ba ne, gama Allah ne ya cika Bezalel da hikimar aikin hannu.

Lissafin karatu

Jirgi ba ya tashi da fatan baki. Fikafikansa an sifanta su domin su karkatar da iska ƙasa, iska kuma ta ɗaga su sama. Dukan wannan da lissafi a ke yinsa. Saboda haka yaron da ke gudun lissafi da kimiyya da Turanci a sakandare ya riga ya rufe wa kansa ƙofa. Ana bukatar kyakkyawan sakamako, da jarrabawar JAMB, da gwajin lafiya, musamman na ido. Masu nema da yawa su ke, waɗanda a ke ɗauka kaɗan ne. Iyaye, kada mu hana yaro makaranta da damina saboda gona, sa'an nan mu yi kuka ran jarrabawa. Mu yi hankali kuma da mazambata masu cewa a sayar da sa a kawo kuɗi su samo gurbi. Wanda ya shiga da hanci, da me za ya tsaya a kan gaskiya daga baya?

Lissafin lamiri

Wannan ya fi na farin nauyi. Sa'anda sojoji suka zo wurin Yohanna Mai-baftisma, bai ce su bar aikin ba. Ya hana su ƙwace da ƙarar ƙarya, ya ce albashinsu ya ishe su. Karniliyus ma hafsa ne, mai tsoron Allah. Amma wanda ke sama yana riƙe da rayukan mutanen da ba ya ganin fuskokinsu. Ran 3 ga Disamba 2023 wani jirgi marar matuƙi na sojan ƙasa ya jefa bom bisa kuskure a kan masu taron Maulidi a Tudun Biri, cikin Jihar Kaduna, mutum fiye da 80 suka mutu. Manoma ne kamarmu, maƙwabtanmu ne. Ƙauye kamar namu na gefen dajin Falgore, daga sama ɗigo ne kawai. Ɗan da ya tashi a irinsa ya san akwai mata da yara a cikin ɗigon nan. Irin wannan mutum ƙasa ta ke bukata a wurin, mai tabbatarwa kafin ya harba, mai faɗin gaskiya kadan an yi kuskure, mai ɗaure kowane ƙusa kamar ransa ne a kai.

Saboda haka kada mu kashe wa yaron zuciya, kada kuma mu zuga shi saboda kaki da albashi. Bari dattawan ekklesiya su zauna da shi, su yi lissafin nan biyu tare, su yi addu'a. Kadan ƙofar tuƙi ba ta buɗe ba, gyaran jirgi ma hidima ce. Ubangiji shi bi da 'ya'yanmu.

Tambayoyi

1. Me Yohanna ya hana sojoji?
2. Me ya sa bai kamata mai bi ya sayi gurbi ba?
3. Wane yaro ne a ekklesiyarku za ku taimaka da karatunsa bana?