Tafiyar Keke Zuwa Tsaunin Mambila: Birki, Gangara da Ladabin Shiga Ƙauye

Tsaunin Mambila yana ƙaramar hukumar Sardauna ta Jihar Taraba, a kan iyakar Najeriya da Kamaru, Gembu ce babban garinsa. Tsayinsa a tsakaice ya kai wajen mita 1,600 daga doron teku, kusa da shi kuma akwai Chappal Waddi mai mita 2,419, dutsen da ya fi kowanne tsayi a ƙasar nan. Mai tasowa daga Kano yakan bi ta Gombe da Numan ya faɗa Jalingo, daga nan sai Bali, sai Serti, sai Mayo Selbe, inda shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ke ƙarewa. Daga Mayo Selbe titi ke fara nannaɗe jikin dutse, kwana bayan kwana, har ya ɗaga matafiyi sama da mita 1,000 kafin ya isa Maisamari. A wannan tsakanin ne hawan Biyu da Sisi yake, wanda direbobin manyan motoci ba sa ambatonsa da wasa.

Tun bayan zaɓen 2015, lokacin da tattaki zuwa Abuja ya zama yayi, samarin Kano suka fara sha'awar doguwar tafiya da keke, wasu don gaisuwar ɗan siyasa, wasu don ɗaukar bidiyo. Kano garin keke ne tun da can, har kamfanin Raleigh ya taɓa harhaɗa kekuna a cikinsa. Amma birnin bai kai mita 500 daga doron teku ba, kuma a baje yake. Dala da Goron Dutse da ƙafa ake hawansu. A lungunan unguwar Sheshe aikin birki bai wuce kauce wa akuya ko mai baro ba, shi ya sa mahayi zai shekara babu birkin gaba, in tsayawa ta kama ya ja silifas a ƙasa, kuma ba abin da zai same shi. Wannan sabon shi ake ɗauka a tafi da shi kan dutse.

Abin da ya faru da wani saurayi tela ɗan unguwar ya isa misali. Ana sauran kwanaki ƙaramar Sallah, wadda ta faɗo a watan Afrilu a shekarar, ya turo wani keke mai giya na gwanjo zuwa rumfar mai gyaran da ke wannan rubutu.

"Baba, a ɗan duba mini birki da giya, tafiya zan yi."

Da aka tambaye shi ina zuwa, ya ce Mambila, shi da abokansa biyu. Aka kife keken aka duba. Wayar birkin baya ta fara tsintsinkewa daidai wurin noti. Robobin sun cinye har ƙarfe ya leƙo. Bangon rim ɗin baya ya sirance ya yi rami. Birkin gaba hannunsa kawai ya rage, babu waya sam. Tiyub ɗin baya faci ne a kan faci, gefen tayar ya tsattsage. Mai gyaran ya lissafa masa abin da za a sauya, ya ce, "Ɗan nan, wannan keken zai kai ka Kurmi ya dawo da kai. Mambila kuwa sai an yi masa aiki."

"Haba Baba, kuɗin nan ai ya kusa rabin kuɗin keken."

Ya ja kekensa ya tafi. Washegari ya biyo ta gaban rumfar yana matsa birki yana dariya, wai an yi masa duka a kan kuɗin da bai kai na waya ɗaya ba. Wani mai sifana biyu da kwalbar sholisho a bakin titi ne ya yi aikin. Ya datse bakin wayar da ya tsintsinke, ya jawo ragowar ya ɗaure da noti. Ya yanko tsohuwar tayar mota ya fere ta a matsayin robar birki. Ya shaida masa cewa birkin gaba shi ke wuntsila mutum, gara da babu shi. Sannan ya bi keken da baƙin mai, sarƙa da boris da komai, har ya ɗiɗɗiga a kan rim. Irin waɗannan su ne ke ɓata wa sana'ar suna, kuma ba a rasa masu kai musu aiki, tunda akwai mutanen da a wurinsu duk mai gyaran da ya faɗi gaskiya ɓarawo ne.

Samarin sun ɗora kekunan a mota har Serti, daga nan suka hau. Hawan ya ba su wuya, sun tura fiye da yadda suka tuƙa, amma hawa ba ya tona asirin birki. Sun kai Nguroje, sun ga gonar shayi ta Kakara, sun kwana a Gembu, sun sha sanyi da rigunan da suka baro zafin Kano da su. A kan hanyar dawowa suka ratse zuwa wani ƙauye da ke nesa da titi, a yankin Maisamari. Ba su nemi jauro, wato mai garin, ba. Suka buɗe ƙofar shingen waya na wani makiyayi don yanke hanya, suka bar ta a buɗe. Suka tarar da mata suna wanki a rafi, telan ya ɗaga waya yana ɗauka, yana gaya wa masu kallonsa da Hausa su zo su ga yadda mutanen daji ke rayuwa. A zatonsa babu mai jin abin da yake faɗa. Akwai masu ji. Samarin ƙauyen suka karɓe wayar, aka kai baƙin gaban jauro, aka zauna har bayan azahar kafin a goge hotunan a mayar musu da ita. Dattijon bai ci musu mutunci ba. Ya ce, "Samari, ku kwana, hadari ya haɗo." Kunya ta hana su, suka ce sauri suke yi.

Bayan la'asar suka kama gangara, cikin yayyafi da hazo. Ruwa ya haɗu da baƙin man da ke kan rim, robar tayar mota kuma dama ba a yi ta don kama ƙarfe ba. Keken ya ƙi rage gudu, telan ya ƙara matsawa da yatsun da sanyi ya riga ya ƙandarar, wayar ta tsinke a wurin da aka nuna masa a Sheshe. Babu birkin gaba da zai koma wa. Ya sa silifas a ƙasa, titi ya fizge shi. A kwana ta gaba ya daki jikin dutse. Allah ya taƙaita, ɓangaren dutsen ya nufa, ɗaya ɓangaren kwazazzabo ne. Ya karye a ƙashin kafaɗa da wuyan hannun dama, haƙora sun zube, kai ya fashe, don hular kwano ma ya ce nauyi ce. Wata motar ayaba ce ta kwashe shi zuwa Serti, daga can aka wuce da shi Jalingo. Da aka dawo da shi Kano, dangi suka ga asibiti na jan lokaci, suka kai shi wurin wani mai ɗori da ya ɗaure wuyan hannun tamau ba tare da ya nemi ganin hoto ba. Hannun ya warke a sandare. Tela ne, almakashi yanzu da ƙyar yake riƙewa. Ragowar keken a buhu aka kawo shi unguwa, guntun wayar yana nan maƙale a notinsa.

Gangarar dutse ba ta yafe aikin araha. Birki biyu ko a fasa tafiyar. Waya mai tsintsiya sauya ta ake yi, ba a datse ta. Mai ba ya kusantar rim. Wanda aka ce ya kwana, ya kwana.

Ruwa na cikin abin da ya kayar da wannan yaron, amma ranar da babu ruwa ma gangarar na da nata haɗarin, wato zafi. Mahayi da kekensa da kayansa, in sun kai kilo 100 suka sauko mita 1,000, ƙarfin da za a kashe ya kai wanda zai tafasa ruwa kusan lita uku. Iska na ɗauke wani kaso, ragowar a kan rim yake sauka. Mai riƙe birki ɗaya tun daga sama har ƙasa yana gasa rim ɗin ne, robar ta yi santsi ta daina kamawa, sholishon faci ya saki, iskar cikin tiyub ta kumbura, taya ta yi bindiga ana tsakiyar gudu. Shi ya sa ake matsawa da ƙarfi kafin kwana a saki, a raba aikin tsakanin gaba da baya, a riƙa tsayawa ana taɓa rim da bayan hannu. In ya yi zafin da ba a iya jimrewa, a zauna ya huce. Mafi yawan ƙarfin tsayawa a birkin gaba yake, kuma mai wuntsilawa shi ne wanda bai taɓa koyon amfani da shi ba ya fizge shi lokaci ɗaya. Kekuna irin su Phoenix masu rim ɗin ƙarfe mai sheƙi da birkin sanda, da zarar sun jiƙe ba su da birkin kirki, ba a sauko wannan titin da su. Birki mai faifai ya fi jure ruwa, amma shi ma yana ɗaukar zafi, kuma mai aiki da mai in ya zubar a Dorofi ko Mayo Ndaga, sai dai a tura. Kada a jibga duk kaya a kariyar baya. Kuma a sake faɗa, wayar da ta fara tsintsinkewa ta gama aiki, ko da sili ɗaya ne ya fita.

Ƙauyukan kan tsaunin ba wurin kallo ba ne da aka ajiye wa baƙi. Mambilawa ne mafi yawa, manoman masara da gwaza da ayaba, harshensu yana sauyawa daga wannan ƙauye zuwa wancan, danginsu kuma suna tsallaken iyaka a Kamaru. Akwai Kaka da Panso da Kambu, akwai Fulani da suka hau da shanu saboda ciyawa da rashin ƙudan tsando, akwai Hausawa 'yan kasuwa da suka daɗe a garuruwan. Fulatanci ne harshen da ya haɗa kowa, Hausa ma ana jin ta sosai. Yankin ya zauna ƙarƙashin Jamusawa, sannan Ingilishi suka riƙe shi amana, sai a ƙuri'ar raba gardama ta 1961 ya zaɓi shiga Najeriya. Akwai Musulmi, akwai Kirista, akwai masu riƙe da al'adun gargajiya, wasu bukukuwan kuma suna da sashen da ba kowa aka yarda ya gani ba, balle a ɗauka a waya. Bakanon da ya saba kiran duk wanda ba Bahaushe ba da sunan raini ya bar wannan bakin a Kano.

Maganar shinge ita ce ta fi nauyi. Fili tsakanin manomi da makiyayi tsohuwar rigima ce a Mambila, a watan Yunin 2017 ta kai ga asarar rayuka da dukiya mai yawa. Kowace wayar da aka kewaye makiyaya da ita tana da tarihi a bayanta. Baƙon da ya bar ƙofa a buɗe shanu suka faɗa gonar masara zai hau kekensa ya tafi, mutanen da ya bari su ne za su kwana da abin da ya tayar. A fara da gidan jauro, ko arɗo in ruga ce, a gaishe shi, a faɗi daga ina aka fito da abin da ya kawo mutum. Goro ko sukari da ganyen shayi sun isa gaisuwa. Shi zai nuna wurin kwana, shi zai haɗa baƙo da yaron da zai raka shi. Hoto sai an tambaya, na mata kuma sai an tambayi mazan gidan da su matan kansu. Raba wa yara kuɗi a bakin hanya ɓata su ne.

Sanyi kan kayar da mutanen Kano fiye da yadda suke zato. Duk hawan mita 1,000 zafi na raguwa da kusan digiri 6, ruwa kuma yana sauka a can tun Kano na fama da zafin bazara, ya kai har wajen Oktoba. Jiƙaƙƙen mahayi a gangara yatsunsa na mutuwa cikin ɗan lokaci, mataccen yatsa kuwa ba ya matsa birki. Rigar ruwa, safar hannu, rigar sanyi busasshiya a cikin leda. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hanyoyin ƙasa sun fi biyuwa, da damina jar lakar na cushe tsakanin taya da madigadi har wili ya tsaya cak. Kogin Donga a kusa da Gembu da kwalekwale ake haye shi a wurare da dama.

Kayan keke mai giya ba su cika samuwa a kan tsaunin ba, babur ne ya cinye kasuwar. A tafi da wayoyin birki da na giya, robobi na gaske, tiyub sabo, famfo, 'yan sifok da abin yanke sarƙa. A riƙe katin shaida, don iyaka na kusa, kuma tun da rikicin yankin masu Ingilishi na Kamaru ya ɓarke 'yan gudun hijira ke shigowa Taraba, jami'ai na tambayar baƙon fuska. Mai son shiga gandun Gashaka-Gumti ya nemi izini a ofishinsu na Serti, dajin Ngel Nyaki na kusa da ƙauyen Yelwa shi ma yana da masu kula da shi. Labarin tsaron hanya tsakanin Bali da Serti a tasha ake jinsa, a bakin direbobi, a ranar da za a bi.

Wanda ya hau lafiya amma bai yarda da birkinsa ba, akwai motocin da ke saukowa daga Gembu da Nguroje kullum, suna ɗaukar keke a sama a kan kuɗin kaya. A cire wilin gaba, a naɗe giyar baya da tsumma kada igiya ta lanƙwasa ta, a sauka a Mayo Selbe a ci gaba da tuƙi daga can.